Wasiƙa zuwa ga Sarkin Gardama

Aboki,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da uwargida da yara kuna lafiya. Na san za ka ce sai da ta ƙure mini na tuna da kai. Faɗi abinka, wata takwas shiru ba ni da bakin kare kaina.

Wata yarinya ce a ajina na makarantar Lahadi ta sa na ɗauki alƙalami, ba ta wuce shekara tara ba. Ina ba su labarin masana taurari uku da suka zo gaishe da Yesu, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a ina aka rubuta su uku ne?" Na buɗe Matiyu sura 2 da ƙarfin gwiwa, na karanta har ƙarshe. Babu! Kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur, amma mutanen ba a ƙidaya su ba. Kuma a cikin gida suka tarar da yaron. Shekara goma sha biyu ina koyar da wannan labari. Ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san kana can kana ƙyaƙyata dariya, kai da ka rantse tuffa Hauwa'u ta ci, har muka raba dare muna neman tuffar a Littafin Farawa.

Daga nan abin ya zame mini ƙaiƙayi. Na shiga karanta ƙananan rubutun ƙasan shafi waɗanda da nake tsallakewa. Can na ga Markus 16:9-20 ba ya cikin tsofaffin kwafi biyu na Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, Sinaitikus da Batikanus. Su a aya ta 8 suka tsaya, mata na gudu daga kabari cikin tsoro. Wannan kam ya hana ni barci. Adadin masana taurari ba ya rage komai, amma nan maganar tashi daga matattu ce. Sai da na natsu na ga tun a aya ta 6 an ce Yesu ya tashi, ba ya nan, ga kuma Bulus yana jera waɗanda suka gan shi a 1 Korantiyawa 15. Hankalina ya kwanta, sai dai yanzu ina tambayar kaina nawa ne cikin abin da nake koyarwa na karanta da idona, nawa ne na ji kawai a bakin manya.

Na kai wa Baba Dattijo maganar, ya ce yawan tambaya kan kashe bangaskiya. Na yi shiru don girmansa, amma ban yarda ba. Toma almajirin Yesu ya yi mako guda yana cewa ba zai gaskata tashinsa ba sai ya gani, Ubangiji bai kore shi ba, hannuwansa ya nuna masa. Mutanen Biriya kuwa yabo suka samu don kullum suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa!

Af, ƙanenka ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Da muryar nan tasa. An ajiye shi layin baya, mu dai muna ta addu'a.

Yarinyar ta ce Lahadi mai zuwa za ta tambaye ni inda aka rubuta 25 ga Disamba ce ranar haihuwar Yesu. Na riga na duba, babu shi, a Roma aka fara samun labarin bikin ranar, a ƙarni na 4. Ka dawo mini da ƙamus ɗina da ka ara kafin ta gama da ni.

Naka,
Malamin da ɗalibarsa ta kayar