Littattafai ga Masu Son Labarin Yaƙi da Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Malam Edita,

Ga shawarata ga masu neman littattafan yaƙi. A fara da The Gun na C. J. Chivers (2010), tarihin bindigar AK-47. Ya bayyana cewa sassanta ba a matse suke ba, shi ya sa ƙura ba ta cika hana ta tashi. Bindigar M16 kuwa ta riƙa maƙale wa sojojin Amurka a Biyetnam bayan an canja albarushin harsashinta.

Sai Burma Boy na Biyi Bandele (2007), kan sojojinmu a ƙasar Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ɓangaren kimiyya, The Forever War na Joe Haldeman (1974) ya cancanci karatu, amma yaro ya fara da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Hausa yake.

Naku,
Mai karatu daga Zariya