A ware wa gwauraye da marayu hatsi daga baikon godiyar kaka

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista na Sakkwato da kewaye, musamman fastoci, dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, a kan inda baikon godiyar kaka yake tafiya.

Daga Oktoba zuwa Disamba majami'u kan yi sujadar godiya. A kawo dammunan gero, buhunan masara, kaji, awaki da kuɗi. A wurare da yawa kafin la'asar an yi gwanjon kayan, kuɗin ya tafi ga siminti da rodi ko sabbin kayan kiɗa. Gina ɗakin sujada ba laifi ba ne. Amma ku duba Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, kwano ya yi tashin gwauron zabo. A lokacin ne gwauruwa kan zo gidan fasto da 'ya'yanta a bayanta, a ce mata ta yi haƙuri sai Lahadi a yi baiko na musamman, kuma abin da za a tara ba zai sayi hatsin da zai saya da kaka ba. Manzo Yakubu ya yi tambaya a wasiƙarsa, sura 2, aya 15 zuwa 17: idan ɗan'uwa ba shi da sutura da abincin yini, ka sallame shi da fatan ya ji ɗumi ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ka amfana masa? Ya kira irin wannan bangaskiya matacciya.

Shawararmu ita ce kowace ikkilisiya ta ware wani kaso na baikon tun kafin a taɓa shi, ta mai da shi hatsi, ta ajiye sai damina. Yusufu ya ba Fir'auna shawarar kashi ɗaya cikin biyar (Farawa 41:34), kuma ma'auni ne mai kyau ga mai farawa.

Ga lissafin. Babban buhun gero kwano 40 ne, wato tiya 40, kusan kilo 100. Gida mai mutum shida kan ci kusan kwano ɗaya a yini. Ikkilisiya ba za ta iya ɗauke wa gida cinsa duka ba, bai ma kamata ba, amma rabi yana hana kwana da yunwa. Idan gidaje 20 ne, a ba kowanne gero kwano 7 da wake kwano 2 duk bayan mako biyu, sau huɗu, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Ya kama gero buhu 14 da wake buhu 4. A ƙara buhu ɗaya na gero saboda baƙon da ba a sa rai ba, domin garin nan ya cika da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo. A kuma bar 'yan kuɗi a gefe na niƙa da itace. Wannan shi aka fi mantawa, sai mace ta sayar da kwano ɗaya cikin bakwai don ta iya dafa sauran.

Wajen saye, kada mutum ɗaya ya tafi kasuwa, ko da shi ne ya fi kowa amana. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da aka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:19-21). A tura mutum uku, a cikinsu har da mace, domin mata sun fi gane hatsin da aka cuɗa da ƙasa da ƙaiƙayi. A duba buhu sama, tsakiya da ƙasa. A juye a auna a gabanku, domin buhun da aka rantse arba'in ne yakan kasa. Kwanon da aka saya da shi, shi za a raba da shi. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami. Kada a matse manomi talaka da sunan "aikin Allah ne" har ya sayar a faɗuwa. 'Yan dako da mai mota a biya su nan take, kafin rana ta faɗi, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne ajiya. Gero a zangarniyarsa cikin rumbu yakan daɗe lafiya, amma majami'un cikin gari ba su da rumbu, sussukakke suke saye. Danshi shi ne abokin gaba na farko. A baza hatsin a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ya sha rana sosai, a sheƙe, sannan a bari ya huce a inuwa kafin a ɗura. Hatsi mai zafi yana gumi cikin leda. Gwajin bushewa ba wuya. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bari kamar minti 15 a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin rana.

Wake ya fi gero saurin cin ƙwaro, kuma ƙwan ƙwaron tun daga gona yake zuwa, shi ya sa waken da aka ga lafiya lau a Nuwamba kan zama gari da ramuka kafin Ista. Maganinsa buhu mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a cika kowace leda da iska a matsa a ji ko tana huci, domin huda ɗaya ta ɓata aikin. A zuba, a danne iskar ta fita, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita ma daban, sannan buhun waje. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, don haka duk wanda ya kwance "don a leƙa" ya ba shi rai. Jarka ko duro mai murfi da ke kamawa gam su ma suna yi, in an cika su fal, muddin ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba. Muna roƙo da babbar murya kada a zuba wa abincin marayu maganin ƙwari na feshi, kada kuma a sa ƙwayar nan mai fitar da iskar guba a ɗakin da ke jikin inda mutane ke kwana. Tana kisa.

A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda gara da ɓera, a riƙa share ɗakin. A duba rufi a watan Mayu kafin iskar farkon damina. Ƙofa ta kasance da kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba, kuma ba fasto ba ne ɗayansu. Wannan kariya ce gare shi. Littafi ɗaya ya ɗauki abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta jimillar a gaban jama'a ba tare da sunayen masu karɓa ba.

Sai batun wa za a ba. Ikkilisiyar farko a Urushalima a nan ta fara samun gunaguni: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Majami'un Sakkwato haɗakar mutane ce, ga na ƙasar Zuru, ga na Kudancin Kaduna da Filato, ga Hausawa, Ibo da Yarbawa. Idan kwamitin rabo duk 'yan gari ɗaya ne, ko sun yi adalci ba za a yarda ba. A gauraya su. Jerin sunaye kuwa a bar wa zumuntar mata su fara kawowa, su ne ke shiga gidaje, sun san inda aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mai tsananin buƙata sau da yawa shi ne mai kunyar faɗa. Gwauruwar da take da 'ya'ya ko dangi masu hali, dattawa su fara zama da su a tuna musu nauyinsu, kamar yadda 1 Timoti sura 5 ta tsara.

A kai hatsin gida da yamma, mutum biyu, ba a jera mata a gaban bagade ba, ba a ɗauki hoto a sa a Facebook ba. Yesu ya ce kada hagu ta san abin da dama ta bayar (Matiyu 6:3). Maƙwabcin majami'a kuma, Musulmi ne ko Kirista, idan yunwa ta kama gidansa yana da rabo, ba tare da sharaɗin ya zo sujada ba. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, ta dai fifita iyalin masu bi.

Akwai jarabar da kan zo a watan Yuni. Farashi ya hau, wani ya kawo shawara a sayar a ci riba a ƙarasa gini, a maye da kaka. Daga ranar da aka yi haka ikkilisiya ta shiga sahun masu ɓoye hatsi, waɗanda Karin Magana 11:26 ta ce jama'a na la'antarsu. Shi ya sa tun ran gini ran zane: a rubuta a littafin taron dattawa, kafin a sayi kwano ɗaya, cewa wannan hatsi ba na sayarwa ba ne, ba na rance ba ne, ba kuma na dafa wa baƙin babban taro ba ne. Abin da ya rage a tsakiyar Satumba a raba shi kaf, a wanke ɗakin, a gwada ledojin kafin sabon gero ya shigo kasuwa.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata,
Sakkwato.