Wata biyu mashin yana mutu min a hanya, ashe waya ce ta goge

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu mashin, musamman irina da ba ma iya barin mashin yadda ya fito daga kwali sai mun yi masa ƙare-ƙare.

Nawa irin ƙananan nan ne mai injin 125, da shi nake zuwa aiki daga Tudun Wada zuwa Samaru kullum. Bara na sa masa fitilu biyu masu farin haske saboda dare, na sa cajar waya, na canza hon zuwa mai ƙara irin na mota, sannan da aka sace na maƙwabcina a ƙofar masallaci na je aka ɗaura min alam mai rimot wanda yake kashe inji. Komai lafiya lau har damina ta shigo, daga nan fa mashin ya fara hali, ina cikin tafiya sai kawai ya ɗauke ɗif kamar an murɗe makulli, in gangara gefe in buga kik sau biyu ya tashi kamar ba shi ba, wani lokacin ya yi kwana huɗu bai yi ba wani lokacin sau uku kafin in kai Kwangila. Ranar da ya fi tsorata ni a tsakiyar shataletale ya mutu, tirela na bayana tana danna min hon, wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Abin haushin shi ne duk sanda na kai shi gareji lafiyarsa ƙalau. Bakanike na farko ya ce fulogi ne, aka canza. Bayan kwana biyu ya ce datti ne a kafireto, aka wanke. Na biyu ya ce kwayil, wato abin da ke ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, na uku ko durƙusawa bai yi ba ya ce CDI ne Alhaji, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, sai an sa sabo. Na saya. Har batir na canza, alhali daga baya na gane irin nawa wutar fulogi daga maganeto take zuwa, wato ɗan janareton da ke jikin injin, ko babu batir zai tashi da kik, kenan kuɗin nan a banza na zubar. Wata gwaggona kuwa cewa ta yi sammu ne in nemi tofi, ban ga laifinta ba tunda masu sana'ar ma canki-canka suke yi.

Wanda ya gano abin wani dattijo ne mai wayarin a wajen Sabon Gari, ba shi da ko rumfar kirki. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi min tambayoyi kamar likita: yana mutuwa da sanyin safiya ko sai inji ya yi zafi, a kan kwalta mai kyau ko a gargada, bayan ruwan sama ko bayan wanki, in ya mutu fitilar gaba tana nan ko ita ma ta ɗauke. Sai a lokacin na lura ashe kusan kullum in na karya kan hagu ne ko na faɗa rami. Ya ce to tashe shi. Ya bar shi yana silo, ya kama kan mashin ya murɗa dama, shiru, ya murɗa hagu har ƙarshe, ɗif. Ya sake, ɗif. Ya ce yaro ya cire tanki.

Edita in ka ga abin da ke ƙarƙashin tankin nan sai ka riƙe baki. Wanda ya ɗaura min alam ya feɗe wayar da ke kashe inji ya murɗa tasa a kai da hannu, ba dalma ba komai, ya naɗe da baƙin salatif, zafin inji ya narkar da gam ɗin salatif ya saki, kuma ya ja wayar tamau a wuyan mashin, duk sanda aka juya hagu sai ta gogi ƙarfe. Ita wannan waya aikinta kenan, in ta taɓa jikin mashin wutar fulogi ta ɗauke, haka makulli ma yake kashe injin. Wato mashin ɗin ba lalacewa yake ba, kashe kansa yake yi. Gogewar ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba, sai da ya haska min da tocilan na ga jan ƙarfen yana ƙyalli.

Bai tsaya nan ba, ya ɗauko 'yar mitarsa ta gwajin wuta. Ya ce batir mai lafiya in mashin a kashe yake ya kamata ya nuna wajen volt 12.6, in an tashe shi an ɗan ja totur ya hau tsakanin 13.5 zuwa 14.5, in bai kai 13 ba to ba ya caji, in ya haura 15 rectifaya mai daidaita wutar caji ta tafi kuma ita ce ke ƙona ƙwayayen fitila tana busar da batir. Nawa yana caji amma da ƙyar in an kunna komai, don maganeton ƙaramin mashin wutarsa kaɗan ce, ƙwan gaba mai watt 35 kaɗai kusan amp 3 yake ja, ni kuma na jibga masa fitilu da hon na mota duk a kan siririyar waya ɗaya ta makulli. Ya kuma nuna min dalilin da ya sa fitila ke yin ƙasa in na danna hon: wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, a kan fenti da tsatsa aka ɗaure ta. Ya kankare wurin da sanfefa har ya yi fari ya mayar, nan take haske ya daidaita.

Sai kuma fis. Da ya buɗe gidan fis ɗin babu fis, wata 'yar waya ce aka lanƙwasa aka cusa, ban ma san a garejin wa aka yi min wannan ba. Ya kalle ni ya ce Malam a kan tankin fetur kake zaune fa. Ban ce komai ba.

Wani abu da ya faɗa wanda nake so yaran gareji su ji, launin waya ba ɗaya ba ne a kowane mashin. A tsarin Honda koriyar waya ita ce at, a na Suzuki baƙa ce mai ratsin fari, alhali a Honda baƙa mai ratsin fari ita ce ta kashe inji. Yaro ya saba da ɗaya ya zo ya yanka a ɗayan da ka, shikenan an ƙulla wa mai mashin wahala.

Ya sake jan wayoyin ya bar musu sarari a wuya, ya liƙa kowane haɗi da dalma, ya sa wa hon da fitilun rile, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa wayar makulli nauyin wuta, da nasu fis daga batir kai tsaye. Abin da ya karɓa bai kai rabin kuɗin CDI ɗin da na saya ba, tsohon ma da muka mayar muka gwada lafiyarsa lau.

Ni roƙona ga ƙungiyoyin makanikai, a matsa wa masu koyo su iya riƙe mita kafin a yaye su, don kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ku kuma Edita da za ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa tattaunawa da irin waɗannan dattawan da an ƙaru. Sabon CDI da kwayil da tsohon batir suna nan a leda ƙarƙashin gado, uwargida kullum sai ta tambaye ni yaushe zan kwashe mata su.

Naku,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Zariya