Wasiƙa daga Maraɗi: ranar da imel ɗin kamfani ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Agadas? Mu nan hunturu ya sauka sosai, ƙura ta lulluɓe gari tun daga unguwar Zariya har Mokoyo. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo.

Labarin sabar imel ɗin nan, wato kwamfutar da ke riƙe saƙonninmu, da ka kama mana haya a Faransa kafin ka tafi nake so in ba ka, don ranar Litinin ta tsayar mana da aiki cik, kuma akwai shawarar da nake nema.

Da sassafe akanta ya kira ni, ya ce imel ba ya buɗewa. Ga mota cike da aya a ƙofar sito, direba na jiran takardun da mutumin Kano ya turo don ya wuce iyakar Ɗan Isa kafin rana ta yi. Ban ce masa komai ba sai da na je na tsaya a bayansa na ga allon da idona. Chrome ya fito da jan gargaɗi, a ƙasa an rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Gabana ya faɗi, don na san takardar shaidar tsaron shafinmu, wadda hukumar Let's Encrypt ke bayarwa, kwana 90 take yi, na ɗauka sabuntawar ce ta tsaya ba mu sani ba. Na buɗe shafin a wayata, ya buɗe lafiya lau, takardar ma da sauran kwanakinta. Sai na kai ido kusurwar allonsa inda agogo yake: kwanan watan ya koma baya shekaru da yawa. Wuta ta ɗauke cikin dare, ɗan batirin nan CR2032 da ke riƙe agogon kwamfuta kuma ya mutu. Kwamfutar da ke zaton tana cikin wata shekara ta baya ba za ta yarda da takardar da aka bayar bana ba. Na gyara kwanan wata, na aiki yaro wajen mai gyaran agogo a kasuwa ya sayo batirin, zagayayye kamar sulen dala goma. Direba ya karɓi takardunsa ya kama hanya.

Na ɗauka an gama. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ofis duka ya ɗauki kuka ɗaya. Wannan karon babu gargaɗi, shafin kawai yake ta juyi har ya gaji. Bayan ɗan lokaci ya dawo, mutane su fara aiki, sai ya sake yankewa. Kowa ya ce layin intanet ne. Amma WhatsApp na tafiya, sauran shafuka na buɗewa, namu kaɗai ne ya toshe. Na kashe wifi a wayata na kunna data, nan take imel ya buɗe. Wannan ɗan gwajin shi ya raba gardama: saba tana raye, ofishinmu ne ta rufe wa ƙofa.

Na jona kwamfutata da datar waya na shiga sabar. Ga adireshin IP ɗin ofis, wato lambar da ake gane mu da ita a intanet, a jerin waɗanda fail2ban ya kora, shirin nan da ke korar mai yawan kuskuren kalmar sirri. Lokacin da ka haɗa shi ka bar ƙa'idarsa yadda ta zo: kuskure 5 cikin minti 10, a kori adireshin na minti 10. Shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya. Mu kuma duk ofis da adireshi ɗaya muke fita waje, laifin na'ura guda ya shafi kowa. Na buɗe kundin Dovecot, shirin da ke miƙa wa wayoyi da kwamfutoci saƙonninsu, layi bayan layi suna ɗaya nake gani yana ƙwanƙwasa ƙofa ta 993, wadda ake ɗaukar saƙonni ta cikinta, da kalmar sirrin da ba daidai ba. Akwatin imel ɗin Alhaji mai gidanmu ne.

Ranar Juma'a na canza masa kalmar sirri, bayan wani saƙon damfara da ya danna. Na sa sabuwar a wayarsa da kwamfutarsa da hannuna, don haka na san ba su ba ne. Na shiga ofishinsa na rusuna na gaishe shi, na ce, “Ranka ya daɗe, akwai wata na'urar da aka taɓa sa imel ɗinka a ciki?” Ya yi shiru, can ya ce tsohuwar wayarsa ya ba mai gadi. Na iske ta a ɗakin gadi, gilashinta a fashe, an ɗaure ta da roba, tana caji a kan buhu. Ranar hutu a gida take kwana. Ranar Litinin da ta shigo ta kama wifi, sai ta ci gaba da neman saƙonni da tsohuwar kalma. Na goge akwatin daga cikinta, na cire adireshinmu daga jerin, shi ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saƙonnin Alhaji na shekaru, da farashi da sunayen abokan ciniki, suna cikin wayar da ke yawo a gari. Mai gadin mutumin kirki ne, amma waya tana ɓacewa.

Alhaji ya fusata, ya ce a watsar da sabar a koma WhatsApp. Na roƙe shi ya yi haƙuri. Takardar da aka turo a imel ɗin kamfani tana nan ko ma'aikaci ya bar aiki. Wadda ke wayar mutum tafiya take da shi.

Ga tambayata. Ina iya sa adireshin ofis a layin ignoreip na fail2ban, wato jerin adireshin da ba a kora, don kada a sake korar mu, amma adireshin yana canzawa, kuma duk wanda ya samu wifi ɗinmu zai iya gwada kalmomin sirri ba mai hana shi. Ni na fi karkata ga barin sa yadda yake, in raba wifi ɗin baƙi da na ma'aikata. Kai da ka haɗa sabar, me ka gani? Ka amsa mini kafin Juma'a, don Alhaji yana jiran magana daga gare ni.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Maraɗi