A duba ƙirar gindin bindigar jami'anmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan gindin bindiga, wato ɓangaren da ake dannawa a kafaɗa, musamman ta masu harbin nesa.

Tsohuwar ƙira ta katako ce, da damina ta sha danshi ta kumbura, da hunturu ta bushe ta motsa, shi kenan saiti ya kauce. Shi ya sa kamfanoni irin su Accuracy International na Ingila suka koma yin firam na alminiyom da ake ɗaure injin bindigar a kai, ruwa ko rana ba ya sauya shi. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ana iya daidaita ta da jikin mutum, wurin ɗora kunci a ɗaga shi ko a sauke har ido ya yi daidai da madubin hange, tsawon gindin ma a ƙara ko a rage, to ka ga dogo da gajere ba za su riƙe bindiga iri ɗaya ba, ballantana wanda ya sa rigar sulke. In ba a daidaita ba, mutum ya kwanta awa da awanni yana miƙa wuya, wallahi kafaɗa da wuya sai sun gaya masa, hannu kuma ya fara rawa a kan kunama.

Sabuwar ƙirar tana da nata aibin, akwai nauyi, kuma a sanyin Jos da asuba ƙarfe a kunci ba daɗi sai an lulluɓe wurin da roba.

Ina roƙon DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1964, ta sa wannan a lissafi in za ta ƙera wa jami'anmu.

Naku,
Mai karatu daga Rukuba, Jos