Mutumina, ga amsar maganar kayan miyan nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Minisota lafiya lau alhamdulillah, yara suna ta girma, ƙaramar har ta fara cewa wai ita bata shan miyar kuka, ka ji fa. Na saurari saƙon muryar da ka turo tun tuni, sai naga maganar ba ta minti biyu bace, gara in zauna in rubuto maka a tsanake.

Ka ce madam ta matsa lamba a daina sayen kayan miya a Yankaba a koma wani shago da suke cewa kayansu oganik ne, wato waɗanda aka noma ba takin zamani, kuɗin kuma sai wanda ya gani, shine kake tambaya mu a nan wanne muke saya. To wlh gardamar nan ko a gidana an sha ta, don su ma mutanen nan sun rabu gida biyu, wasu suce ka sayi na manomin da ke kusa da kai, wasu suce in babu tambarin oganik kar ka ba yaro.

Tambarin nan ma'aikatar noma ta Amurka ce ke da shi, kuma ba haka kawai ake mannawa ba. Sai gona tayi shekara 3 ba'a zuba mata takin zamani ko maganin feshin da aka haramta ba, duk shekara mai dubawa yazo, ga takardu ga kuɗin satifiket. Amma fa kar ka ɗauka ba'a feshi kwata-kwata, ana yi, sai dai da irin magungunan da dokar ta yarda dasu, cikinsu har da man darbejiya. Eh darbejiyar ƙofar gidanku da ake sharewa ana zubarwa, nan a ƴar kwalba ake sayar da manta da dala. Sannan tambarin ba ruwansa da nisa. Sitroberin oganik da zaka gani a kanti a watan Janairu daga Kalifoniya ko Meziko aka ɗebo shi, ya kwana ya wuni a motar sanyi, ka gutsira kaji salam ba zaƙi ba ƙamshi, kuma wani lokacin kuɗinsa ya kusa ninka na gama-gari.

Ni inda zuciyata tafi kwanciya kasuwar manoma ce ta Saint Paul, Asabar da Lahadi da safe. Da yawa daga masu rumfunan ƴan ƙabilar Hmong ne, mutanen da suka yo gudun hijira daga Laos bayan 1975, manoma ne na gaske kuma sun gane abinda mu ƴan Afirka muke nema. Akwai wata tsohuwa da nake saya a wajenta, alayyafo ɗauri-ɗauri da ɗankon roba, kuɓewa ƴar ƙarama wadda in ka karya bakinta zata ce ƙas, gauta, attaruhu, wani lokacin har lalo. Ganyen duk ƴan huje-hujen ƙwari, ƙasa na jikin saiwar, ranar farko madam ɗina tana gani ta yamutsa fuska, yanzu kuma ita ke tashina da asuba kar a rigamu. Tsohuwar bata da wani tambari, ɗanta yace min hayar gonar suke yi, to wa zai zauna ya gyara ƙasa shekara 3 ya biya kuɗin takarda sannan mai fili yace ku tashi? Sai dai kuma rumfar da ke gefensu ma na kusa ce amma shi mai ita feshi yake yi, bai ɓoye min ba da na tambaya. Kaga kusanci ma ba shaida bane, amfaninsa kawai shine mai gonar na tsaye gabanka zaka iya kallon idonsa ka tambaye shi.

Matsalar ita ce daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙanƙara ta rufe ko'ina, ba abinda ke fitowa a fili, na kusa ya koma dankali da kabeji da karas na ajiya. Shi yasa a ƙarshen bazararsu muke sayo alayyafo da yawa a ɗan sulala a matse a ƙulla a leda a cika firiza, kuɓewa kuma a yanka a busar.

Batun ko oganik yafi gina jiki kuwa, a 2012 masu bincike na Jami'ar Stanford sun tattara nazarce-nazarce da yawa basu ga wani bambancin kirki ba a wajen bitamin, abinda suka gani shine ragowar maganin ƙwari yafi ƙaranci a jikinsa. Akwai kuma wata ƙungiya EWG da ke fitar da jerin sunaye duk shekara, sitroberi da alayyafon turawa kullum suna sama-sama a masu ragowar magani, albasa da abarba da fiya suna cikin masu tsafta, duk da wasu masana na cewa ƙungiyar tana tsorata mutane fiye da kima tunda ragowar galibi bata kai iyakar da doka ta sa ba. Mu dai abinda muka tsaya a kai, duk abinda yara ke ci ɗanye da ɓawonsa in aljihu ya yarda a sayi oganik, wanda ake ɓarewa a sayi mai araha, lokacin kasuwar manoma kuma ba zancen kanti. Watan da abubuwa suka cuɗe a sayi na gama-gari a wanke a famfo a ci, don hana yaro ganye saboda tsoro yafi illa.

Yanzu kai a Kano, gsky ni bana ganin maganar tambari ce a gabanka. Mai shagon nan ka tambaye shi ina gonar take, wa ya duba ta, in ya fara kame-kame to sitika kawai kake biya. Abinda zan so madam ta sa wa ido daban ne. Wake tukuna. Ka manta a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda fiya-fiyar da aka samu a ciki? Wanda aka tantance don fitarwa kenan, ina ga wanda ake auna mana a kwano, ƴan kasuwa su zuba magani a buhu don kar ƙwari su huda, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben fiya-fiyar a kasuwa amma ni da kai mun san yadda ake. Tunda kana da Kawu a ƙauye, da kaka ka sayi buhunka a hannunsa kafin ya shiga Dawanau, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki ɗin nan, ka ɗaure kowace tamau, iska ce ke ƙarewa ƙwarin su mutu da kansu ba magani. Jami'ar Purdue ta nan Amurka ce ta ƙirƙiro shi kuma ana samu a gari.

Sai mangwaro da ayabar da ake nunarwa da kabaid, zaka ga waje yayi rawaya shar ciki kuma tauri da tsami, wannan a barshi kawai a jira lokacinsa. Tumatir kuma tun da tsutsar nan sharon ta cinye gonakin Kadawa da Kura a 2016 manoma suka ƙara hannu a feshi, ban ga laifinsu ba sosai don wanda ya taɓa rasa gona guda ba zaka gaya masa haƙuri ba, amma wani zai fesa yau ya tsinka jibi alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za'a jira. A wanke sosai kafin markaɗe. Wanda yafi damuna latas da kabejin da ake ci ɗanye, in a bakin Jakara aka yi ban-ruwansu to ko ba'a fesa musu komai ba ruwan kwata suka sha. Nan ma fa an gani, a 2018 latas ɗin Yuma a Arizona ya kwantar da mutane a jihohi da yawa har biyar suka rasu, aka bi sawu aka samu ƙwayar cutar a ruwan magudanar ban-ruwa. Don haka ku riƙe mai kayan gwari guda ɗaya wanda zai gaya muku daga ina ya saro.

Kuma filin bayan gidan nan naka da ka tara tsoffin tayoyi, dan Allah a kwashe, a jera buhuna da ƙasa da kashin awaki a shuka alayyafo da yakuwa da latas, a dasa zogale a jikin katanga, yara su riƙa ban-ruwa bayan Islamiyya.

Ka gaishe min da madam, kace mata ban goyi bayanka duka ba, itama tana da gaskiyarta. Ka gaida Hajiya da su Kawu da mutanen majalisa. In an samu mai tahowa a haɗo mana kuka da daddawa, ta gidanku ba ta kasuwa ba, sannan ka gaya min nawa kwandon tumatir yake yanzu don abinda naji ana faɗa ban yarda ba.

Naka,
abokinka na Minisota