Masai Ujiri ɗan Zariya ne, don Allah a riƙa tunawa da masu koyar da ƙwallon kwando

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sati in na buɗe shafin wasanni ba abin da nake gani sai Firimiya da Laliga, wa ya ci wa, wa za a saya wa za a sayar, ni ma ina kallon bal ɗin ba wai ba na kallo ba, amma a ce yaron da ya tashi a nan Zariya, a nan ya koyi jefa ƙwallo a kwando, ya je ya shugabanci ƙungiyar da ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma ka tsayar da matasa a Kwangila ko PZ ka ce musu waye Masai Ujiri su tsaya suna kallonka, wallahi wannan abin yana min ciwo.

Ni tsohon ɗan ƙwallon kwando ne, gwiwa ce ta ajiye ni, yanzu in an yi la'asar ina tara yaran unguwa ina koya musu abin da aka koya min. Shi ya sa labarin bawan Allahn nan yake taɓa ni fiye da yadda zai taɓa wani.

A Ingila aka haife shi a 1970, babansa ɗan Najeriya mamansa likita ce 'yar Kenya, amma yana ƙarami aka dawo da shi Zariya, nan ya girma. Bal ya fara bugawa kamar kowane yaro a garin nan, sai da ya kai wajen shekara 13 sannan ya koma kwando, ya shiga hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da kowa ke ce wa Koci OBJ, wanda ya daɗe yana horar da 'yan wasa a ABU. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallon kwando a Samaru ya san sunan nan. Daga baya Masai ya tafi Amurka ya yi karatu yana wasa a Bismarck State College, ya wuce Turai ya buga na 'yan shekaru. Gaskiya dai ba wani shahararren ɗan wasa ya zama ba, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA ba, kuma nan ne nake so matasanmu su buɗe kunne.

Da ya ajiye wasa a 2002 sai ya koma koyar da matasa, irin aikin da muke yi ɗin nan. A shekarar ne ya raka wani yaro ɗan Najeriya gwaji a ƙungiyar Orlando Magic, mutanen wajen suka ga yadda ya san 'yan wasa kamar yunwar cikinsa, suka ce to ga aikin zaƙulo mana 'yan wasa a ƙasashen waje amma fa ba albashi. Ya karɓa. Da kuɗin aljihunsa yake biyan kuɗin mota da jirgi, yana raɓawa a ɗakin abokai, yana bin ƙananan gasanni a Turai yana rubuta sunayen yara da abin da kowa ya iya da abin da bai iya ba. Malam Edita ka duba fa, mutum ya haura shekara talatin, tsaransa sun yi aure sun zauna, shi yana yawo da jaka a kafaɗa yana aikin da ko sisi ba a ba shi. Da a nan gida ne da tuni dangi sun kira taro a kansa. A 2003 Denver Nuggets suka ɗauke shi da albashi, a 2007 ya koma Toronto Raptors, ya zama mataimakin janar manaja, sai a 2010 Denver suka sake kiransa suka damƙa masa ragamar ƙungiyar gaba ɗaya.

Yana hawa ya tarar da rigima, babban ɗan wasansu Carmelo Anthony ya ce shi tafiya zai yi. Wani da ya rikice ya ba da shi a arha, shi ko ya yi ta jan ciniki har watan Fabrairun 2011, ya miƙa shi New York ya karɓo tarin 'yan wasa. A kakar 2012 zuwa 2013 Denver ta ci wasa 57 ba tare da wani tauraro ba, aka ba shi kyautar gwarzon shugaban ƙungiya na shekara, shi ne na farko da ba Ba'amurke ba da ya taɓa samu. A 2013 ɗin Toronto ta dawo da shi.

Abin da ya yi a 2018 shi ne har yau muke musu a kai in mun zauna. Ƙungiyar ta ci wasa 59, kocinta Dwane Casey shi ne gwarzon koci na shekarar, amma da aka zo wasannin sili ɗaya ƙwale sai shahararren ɗan wasa LeBron James da ƙungiyarsa Cleveland suka share su wasa huɗu ba ko ɗaya. Masai ya sallami Casey ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, sannan ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda 'yan Toronto ke so kamar su haɗiye, ya ba San Antonio ya karɓo Kawhi Leonard da wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta wuce saboda rauni, kuma saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Ni a lokacin na ga an yi wa DeRozan rashin adalci kuma har yau ina tausaya masa, amma ba zan ce lissafin bai fita ba. Ga Pascal Siakam ɗan Kamaru da ya zaɓo a lamba ta 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 2016, ga OG Anunoby a lamba ta 23 a 2017, yaran da ƙungiyoyi da yawa suka tsallake. Wannan ido ne, kuma ba a ofis aka same shi ba, a bakin fili aka same shi.

Daren wasan ƙarshe da Toronto ta ɗauki kofin NBA ba zan manta ba. Yunin 2019 ne, an gama ƙaramar sallah ba daɗewa, wasan sai wajen biyun dare agogonmu ya fara. Mu kamar bakwai muka haɗa kuɗin mai muka roƙi mai gidan kallo ya tada janareta, ya ce shi bai taɓa ganin masu hana ido barci don ƙwallon kwando ba amma ya tada. Toronto ta ci Golden State 114 da 110, muna fitowa ana shirin kiran assalatu, wani dattijo cikinmu da suka yi wasa a Samaru tun zamanin da, ya zauna a kan benci yana ta share ido da bakin rigarsa bai ce wa kowa komai ba.

Kuma wannan hanyar ba Masai kaɗai ya bi ba, can a wajensu abu ne da aka saba. Pat Riley ya ci kofi huɗu yana kocin Lakers a shekarun 1980, ya ƙara na biyar da Miami a 2006, ya koma kujerar shugaba Miami ta sake ɗauka a 2012 da 2013. Brad Stevens ya horar da Boston daga 2013 zuwa 2021, aka mayar da shi ofis, a 2024 suka ɗau kofi. Wato wanda ya sha ranar fili shi ake ba kujera.

Mu fa? Koci zai shekara ashirin yana koyar da yara, ranar da za a naɗa kwamitin wasanni sai a ɗauko wanda bai san layin maki uku ba a ɗora don yana da uwa a gindin murhu. Kowa ya ga abin da rikicin shugabanci ya jawo a 2022, 'yan matanmu D'Tigress sun samu gurbin gasar cin kofin duniya da guminsu, gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin waje, aka ba Mali gurbin. Yaran nan kuma su ne suka je Faris a 2024 suka kai zagayen kwata fainal a Olamfik, abin da ba wata ƙungiyar kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. 'Yan wasa muna da su, shugabanci ne ke ba mu kunya.

Filin da nake koyarwa kwando ɗaya ne ke da rai, ɗayan ya karye tun damina biyu da suka wuce, mun kai takarda inda ya kamata har sau uku shiru kake ji, ƙarshe wani mai walda ne a unguwar ya ɗaure mana shi kyauta amma ya ɗan karkace, yaran har sun koyi yadda za su jefa ta gefe. Akwai wani yaro cikinsu ɗan shekara goma sha biyar, ba shi da tsawo, ba zai yi nisa a wasa ba, amma in yana zaune a benci zai ce min Koci wancan mai jar rigar hagu kawai yake iya bi, in duba in ga haka ne. Kwanaki babansa ya zo ya ce Malam wannan wasan naku ina zai kai shi. Na ce masa Baba zauna, na ba shi labarin Masai tun daga farko har ƙarshe, ya yi shiru can ya ce to ya ci gaba amma kar ya taɓa karatu, na ce ai sharaɗina kenan ni ma.

Masai ya bar Toronto a watan Yunin 2025 bayan shekara 12. Tun 2003 yake da gidauniyar Giants of Africa da ke yi wa yara sansanin horo, har suka ɗau alwashin gina filaye 100 a faɗin Afirka. A Kigali ta Ruwanda ya gina katafaren waje na wasanni da otal ya sa masa suna Zaria Court. Sunan garinmu ne a rubuce a ƙasar wasu. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri, don da mu ma mun shirya, mun ware fili mun nuna da gaske muke, ban ga abin da zai hana a samu irinsa a Zariyar asali ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka turo wakilinka ya zo Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da yamma ya ga yaran da ke wasa, ya zauna da tsofaffin kociyoyin da suka rage ya ji ta bakinsu tun suna da rai, ku ba ƙwallon kwando ko rabin shafi ne a wata. Masu naɗa shugabannin wasanni a jihar Kaduna kuma in an tashi naɗi na gaba a saka kociyoyi a ciki, a ba su kujerar da ake yanke hukunci da ita. In wakilin naka zai zo ya zo ranar Asabar bayan la'asar, ranar ce yaran suka fi cika.

Na gode.

Naka,
Mai koyar da yara ƙwallon kwando,
Samaru, Zariya.